Kaya da Ƙaya

Daren da zan tashi na baje komai a tsakar gida,
keke na jingine a jikin rumbu.
Bunza ta yi barci, ni ban yi ba.
Tabarma, bargo, gidan sauro mai huda uku,
tukunya da murfinta, da wani murfin na ko-ta-kwana,
jarka biyu, buta, tocila, rediyon Baba,
takalmi na biyu, riga ta huɗu,
har da madubi. Wa zai dube ni a daji?
Na ce a dai sa, ba a sanin gaban tafiya.

Gado mai faci ya zo da asuba yana tauna asawaki.
Bai gaishe ni ba. Ya kama sirdi ya ɗaga,
gindin keken ya ƙi rabuwa da ƙasa.
"Ɗan Hajo, ƙaura za ka yi ko yawo?
Wanga lodi, ko jaki sai ya kai ƙara wurin alƙali."
Ya tsinke ɗaurina duka,
ya tsaga tsohuwar roba siri-siri daga cikin taya.

"Mai nauyi ƙasa, kusa da cibiyar ƙarfe.
Ruwa nan, tsakanin gwiwoyinka.
Mai sauƙi bisa kariya.
Abin da hannu zai laluba cikin duhu, sa shi a bakin jaka.
Famfo, gam, faci, sifana,
kada su yi nisa da kai ko wurin salla.
Ka ja har roba ta yi kuka.
In ɗauri ya yi sako-sako, kaya za su tuƙa ka."
Ya ɗaga murfin nan na biyu ya yi tsaki.
Na karɓe na cusa ƙasan buhu don kunya.

Bayan Zogirma hanyar mota ta sallame ni.
Burtali, sawun shanu, yashi har idon sawu.
Na sauka na tura,
wanda zai ɗauke ni na koma ɗaukarsa.
Tukunya na bugun ƙarfe, ƙwal, ƙwal,
kamar mai bin bashi a ƙofa.
Sai fiiit.
Aduwa ta karɓi harajinta.
Na zauna na kara roba a leɓena ina neman inda iska ke fita,
na tofa yawu, ya yi ido.
Kaya a baya, ƙaya a taya.

A wata ruga Daso ta miƙo mini ƙwaryar nono.
Na bar mata madubi,
ƙaninta ya sa takalmina yana ja kamar kwale-kwale,
riguna biyu suka bi wani tsoho.
Rediyon na riƙe a hannu na daɗe.
Ya fi su nauyi, batirinsa ma ya mutu tun bara.
Na mayar da shi cikin bargo.
Da na hau, keken ya yi sauƙi har ya ba ni dariya.

Magariba ta same ni a bakin fadama,
shinkafa an yanke, kwaɗi sun karɓe gari.
Na ɗaura gidan sauro daga kan keke zuwa reshen kanya,
na kafa duwatsu uku, na karya ƙirare,
na zazzage jaka, na zazzage buhu.
Babu ashana.
Na tuno ta sarai, tana nan kan bakin rijiya.

Can ƙetaren ruwa wata wuta na ƙiftawa.
Na naɗe wando na ratsa laka.
Wani Basarke ne yana ƙyafe kifi.
Ya ce, "Garwashi akwai, da me za ka ɗauka?"
Na koma da gudu na tono ƙasan buhu.

Gado, da ka gan ni,
tafe cikin duhu a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai,
ina hura wuta a murfin tukunya.